Ranar da Maman Lawali Ya Ajiye Makulli

Shekara ashirin da shida Maman Lawali yana jan motar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, kuma a tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. A tasha kowa ya san shi da wannan. Mata masu kai kaya kasuwa sukan bar mota biyu su cika su tashi, su zauna bisa buhunansu suna jiran tasa, don sun ce a motar Maman Lawali kana iya ɗora ƙwaryar nono a cinya ka isa gari ba ta zube ba. Motar ba tasa ba ce, ta Alhaji Sha'ibu ce, wani ɗan kasuwa na Sabon Gari. Amma ya shekara tara yana riƙe da ita, har mutanen unguwar Zariya, inda yake zaune da matarsa Tsahara da ƴaƴansu huɗu, babbarsu Fadila, suka manta tana da wani mai ita.

Abin ya fara masa ne a hankali, yadda gara ke cin azara. Sai ya riƙa yin tuntuɓe da butar da ke gefen ƙofa. Kafaɗarsa ta dama ta riƙa gogar bakin zaure, zauren da ya shekara goma sha biyar yana shiga da fita. Wata rana a tsakiyar gari mai kabu-kabu ya ɓullo masa ta dama kamar daga ƙasa ya tsiro, da kyar ya taka birki, mutumin ya wuce yana ɗaga masa hannu yana faɗa. Maman Lawali ya ce wa kansa gajiya ce. Ya shiga kasuwa ya sayi tabarau, ya sa kwana uku, bai ga ya ƙara masa komai ba, ya jefa shi cikin akwatin mota.

Wata Lahadi bayan la'asar ya hau kabu-kabu ya tafi Tsibiri wajen abokinsa Ezra. Tare suka yi makarantar lakwal tun suna yara, benci guda suke zama. Ezra ya zarce ya zama majo, babban ma'aikacin jinya, a likitar ƙauye, wato ƙaramin asibitinsu, har ya yi ritaya, shi kuwa ya bi mota. Ya tarar da shi ya dawo daga majami'a, ya tuɓe rigar Lahadi yana gyaran dangar akuyoyinsa. Bayan sun gaisa an kawo fura, Maman Lawali ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ezra ya zaunar da shi a kan turmi, ya ce, "Rufe idon hagu. Dubi hancina, kada ka motsa." Ya miƙa hannunsa can gefe, ya riƙa kawo shi a hankali yana kaɗa yatsu. "In ka ga yatsuna ka ce."

Hannun ya yi ta tahowa. Sai da ya kusa zuwa gaban fuskarsa sannan Maman Lawali ya ce, "Na gani."

Ezra ya sauke hannunsa, bai yi dariyar da ya saba ba. Ya ce, "Lawali, gobe ba jibi ba, ka tahi wajen dokotoron ido. Ni ba aikina ba ne, amma abin ga bai yi mini daɗi ba."

Ya je. Aka ɗiga masa magani, aka haska masa fitila, aka sa shi ya leƙa cikin wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Dokotoron mace ce, mai magana a hankali. Ya tambaye ta ko yanar ido ce, a kankare masa ya huta. Ta ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. Yana cin gani daga gefe yana tahowa tsakiya, kuma abin da ya ci ya ci ke nan, ba ya dawowa. Idon dama ya yi nisa, na hagu ya fara. Amma in ya riƙe maganin ɗigawa safe da yamma ba fashi, abin da ya rage zai iya zama masa har tsufa.

Tana rubuta ordonansi, takardar sayen magani, ta ce, "Wane aiki kake yi, Malam?"

Ya ji bakinsa ya ce, "Ɗan kasuwa ne ni."

Ta ce, "To madalla. Ko babur kada ka tuƙa."

Da Ezra ya kira shi a waya ya ji yadda aka yi, sai ya ce, "To yaushe za ka ba Alhaji makullinshi?"

Maman Lawali ya ce, "Bari Fadila ta gama jarrabawar bak. Wata huɗu ne ya rage. Yarinyar nan ta sa ranta, in na zauna yanzu da me zan riƙe ta?"

"Wata huɗu kana ɗaukar mutum goma sha tara sau huɗu a rana. Ka lissafa ko rai nawa ke nan."

"Na san hanyar nan kamar tafin hannuna, Ezra."

"Hanya ka sani. Wanda zai hau ta gobe ba ka san shi ba."

Ya kashe wayar. Daga ranar ya daina ɗaukar kiran Ezra.

Ya koyi dabaru. Ya rage gudu har fasinja suka fara yi masa tsiya cewa tsufa ya zo. Ya riƙa juya kai dama da hagu kamar mai neman abin da ya ɓata. Rana na yin sanyi zai ajiye mota, ya ce ya bar wa matasa sawun yamma. Maganin kuwa a cikin mota yake ɓoye shi, ya ɗiga a bayan tasha inda ba kowa. Wata biyu suka wuce lafiya lau, har ya fara gaya wa kansa cewa likitoci sun cika tsoratarwa.

Ranar wata Talata da hantsi, yana dawowa daga Ɗan Isa, ya shigo Jiratawa. A nan mata sukan jeru a bakin hanya da buhunan zogale da kwandunan tumatir na lambunan garin, suna jiran motar da za ta shiga da su Maraɗi. Wani amalanken jaki yana tahowa ta hagunsa, ya mai da hankali kan amalanken, ya ɗan karkata dama don ya ba shi wuri. Sai ya ji ƙum a jikin mota, madubin dama ya tarwatse, mata suka sa salati.

Ya tsai da mota ya fito. Wata dattijuwa ce kwance a gefen kwalta, tumatir ya watse ko'ina, hannunta na dama ya lanƙwashe inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ba ta suma ba, sai cewa take, "Wayyo Allah, wayyo hannuna." Aka ce sunanta Atika.

Kafin jandarmomi su iso, maganar ta riga ta zauna a bakin mutane. Fasinjan da ke gaba ya rantse ya ga ta tako kan kwalta. Mai amalanke ya ce direba a hankali yake tafiya, ko keke ya fi shi gudu. Wata mata ta ce, "Ai Maman Lawali ne, wa bai san shi ba? Ƙaddara ce kawai." Jandarma ya auna, ya tambayi shaidu, ya rubuta abin da suka faɗa: matar ce ta shigo hanya. Da aka tambaye shi, sai ya ce, "Ban ankara ba sai ƙara na ji." Ba ƙarya ya yi ba, amma ya san bai faɗi gaskiya ba.

Shi ya kai ta likita. Aka ɗora hannun, aka ce sai ta kwana biyu saboda ƙugunta ma ya bugu. Alhaji Sha'ibu ya sa aka canza madubi a ranar, ya dafa kafaɗarsa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gobe ya koma aiki. Ya koma. Amma duk wanda ya gani tsaye a bakin hanya sai gabansa ya faɗi, kuma wanda bai gani ba shi ya fi tsorata shi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sayi ayaba da lemo ya tafi duba ta. Ya tarar da ita zaune an jingina ta da matashi, ɗanta Idirisa, wani ƙaƙƙarfan manomin lambu, yana gefen gado yana yi mata faɗa a hankali.

"Inna, na sha gaya miki. Shekarunki sun wuce tsayuwa bakin hanya. Ga shi kin ja ma kanki, kin ja ma bawan Allah. Daga yau kin bar zuwa kasuwa."

Da ta ga Maman Lawali sai ta gyara lulluɓi da hannunta mai lafiya, ta ce, "Lale, ɗana. Kai ne da wahala haka? Ka yahe mini, na tsai da kai aikinka rannan."

Ya ce, "Haba Inna, ni ne da neman gafara."

"A'a, laihina ne, kowa ya hwaɗa. Ni dai motarka nike jira, tun da sahe na bar biyu sun wuce. Da na hango ka sai na ɗan tako na ɗaga maka hannu, yadda na saba. Na ga huskarka ta juyo wajena sosai, na ce to ya gan ni, zai tsaya. Halan tsuhwa ce ta sa na matso da yawa ban sani ba."

Maman Lawali ya dubi hannun da ke ɗaure a ƙirjinta. Shi ne hannun da ta ɗaga masa. Fuskarsa ta juya wajenta, mace tsaye da rana tsaka da kwando a ka tana ɗaga hannu, kuma bai ga komai ba a wurin. Ya ajiye ledar ayaba a ƙasa, ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ba, ya fita. Bai hau kabu-kabu ba. Da ƙafa ya taka har Zariya cikin zafin rana.

Ya tarar da Tsahara a tsakar gida tana matsar tunkuza, don man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi tana sayarwa a gida. Yara ba sa nan. Ya ja tabarma ya zauna kusa da ita, abin da bai saba yi ba da rana.

Ya ce, "Tsahara, ajiye aikin nan. Akwai maganar da na ɓoye miki."

Ya faɗa mata duka, tun daga turmin gidan Ezra har zuwa gadon Atika. Ta saurara hannuwanta na naso da mai, ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta ce, "Baban Fadila, wa kake tsammani ya ɗauke buta daga bakin ƙofa? Wata nawa ina ajiye maka kwanon tuwo ta hagunka, ba ka lura ba? Na ga kana miƙa hannu kana laluben moɗa tana gabanka ta dama."

Ya dube ta. "Kin sani, kika yi shiru?"

"Ban san girman abin ba. Na ce tsufa ne, kuma namiji ba ya son a riga shi faɗin rauninshi. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ta ƙara da cewa, "Da na yi magana, wataƙila da matar nan tana gidanta da hannunta. Ni ma ina da rabona a ciki."

Kaji suna tsattsagar ɓawon gyaɗa a gefensu. Can ya ce, "In na ajiye mota, me za mu ci?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ba zan ce maka ba na jin tsoro ba, ina ji har cikin cikina. Amma tsoron da nake yi kullum ka fita da safe ya fi wannan. Ga tunkuza, ga hannuwana. Mu fara da nan."

Washegari da safe ya tafi Sabon Gari ya sami Alhaji Sha'ibu a ƙofar shagonsa, ya ajiye makulli a kan tebur, ya gaya masa dalili. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Mutumin kirki ne, kuma yana son Maman Lawali.

Ya ce, "Na ji, kuma na yarda ka huta. Sai mu ce ciwon baya ne ya zaunar da kai. Ka fita da mutuncinka, shekara ashirin da shida ba wasa ba ne. Amma batun jandarma, ka bar shi inda yake. Takarda ta riga ta rufe. Matar tana samun sauƙi, ni zan aika mata da wani abu. In ka je ka tono, permi za su karɓe, takardar tuƙinka, su kai ka gaban alƙali, sunanka ya ɓaci a tasha. Don me?"

Maganar ta shige shi, don ita ce maganar da zuciyarsa take gaya masa tun jiya. Ya bar mota, ba zai ƙara buge kowa ba, me ya rage? Ya yi kwana biyu yana juya ta. Ya zauna a zaure yana kallon masu wucewa, ya shirya yadda zai riƙa dafe ƙugu in ya shiga tasha. Amma duk inda ya juya sai ya ji muryar Idirisa yana cewa, Inna, kin ja ma bawan Allah. Tsohuwa tana kwance da karyayyen hannu tana neman gafararsa, ɗanta ya hana ta sana'arta, garinsu duka sun ɗauka ita ce marar hankali. Kuma muddin takarda ta ce laifinta ne, asiransin mota, wato inshora, ba zai ɗauki jinyarta ba.

Ran Litinin ya kira Ezra. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya aka ɗauka.

Ya ce, "Ezra, ni ne. Abin da ka faɗa ya faru."

"Na ji labari tun ran Laraba."

"Ba ka kira ka ce ka gaya mini ba."

"Mi zai ƙara maka? Kana ina yanzu?"

"Gida. Ina so in tafi jandarmari, amma ƙafata ta ƙi."

Ezra ya ce, "Jira ni, ga ni nan tahe."

Ya zo da babur ɗinsa tun daga Tsibiri, ya goya shi. A gaban shugaban jandarmomin, Maman Lawali ya fito da takardar dokotoro da kwalbar magani da perminsa, ya jera su a kan tebur. Ya ce matar ba ta yi laifi ba, tsai da shi ta yi kamar yadda kowa ke yi, shi ne bai gan ta ba, kuma ya san da ciwon wata biyu kafin ranar. Jandarman ya karanta takardar, ya ɗago ya dube shi.

"Malam, ka san abin da maganar nan za ta jawo maka?"

"Na sani."

"Wani ne ya matsa maka?"

"Babu."

Jandarman ya jawo sabuwar takarda ya fara rubutu. Da aka gama ya sa permin a cikin aljihun tebur ya rufe. Maman Lawali ya bi hannunsa da kallo. Ranar da ya karɓi permin nan yana saurayi, mahaifinsa akuya ya yanka.

Daga nan suka wuce Jiratawa, don an sallami Atika ta koma gida. Wannan tafiyar ta fi ta farko nauyi. Suka same ta a inuwar ɗakinta, jikokinta na tsinke ganyen zogale a kan tabarma. Idirisa ya dawo daga lambu da laka a ƙafa. Maman Lawali ya durƙusa ya faɗi abin da ya faɗa wa jandarma, bai rage komai ba.

Idirisa ya miƙe tsaye. "Kana nuhin ka san ba ka gani, ka hau mota? Ka bar ni ina yi ma uwata hwaɗa a gabanka, kana tsaye da ledar ayaba?" Ya yi kansa, sai da Ezra ya shiga tsakani. "Wallahi sai mun haɗu gaban alƙali!"

Atika ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Idi, zamna." Ta juyo ga Maman Lawali ta daɗe tana dubansa. "Mutum nawa ke cikin motar rannan?"

"Goma sha tara, Inna."

"Da goyo?"

"Da goyo biyu."

Ta girgiza kai. "To Allah ya so abin ya tsaya a hannuna. Tashi ka tahi, ɗana. Yau ba ni da abin da zan ce maka."

Ya tashi ya tafi da wannan.

Shari'ar ba ta yi tsawo ba. Alƙali ya yi la'akari da cewa shi ya kawo kansa, aka ci shi tara, aka yi masa ɗaurin talala, aka soke permi har abada. Asiransi ya ɗauki jinyar Atika. A ranar shari'ar ne ta aiko da cewa ita ta yafe nata, duniya da lahira. Idirisa kuwa ko kallonsa bai yi ba a ƙofar kotu.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa ɗaci. A tasha wasu suka ce ya yi abin da mutumin kirki ke yi, wasu suka ce wauta ce, mutum ya tsira ya koma ya sa kansa a rami. Akwai matan da suka shekara suna jiran motarsa, yanzu in sun gan shi sai su kau da kai, kuma bai ga laifinsu ba. Da asuba jikinsa kan tashe shi kamar zai fita lodi, ya yi salla ya dawo ya rasa inda zai sa kansa. Aka sayar da tumakin Tsahara biyu. Nama ya ɗauke daga miya. Shi da bai taɓa riƙe faranti ba, ya koyi ɓarzar gyaɗa, ya riƙa ɗaukar jarkokin mai yana kai wa masu shaguna a Sabon Gari da ƙafa. Ranar farko da wani tsohon fasinjansa ya gan shi da jarka a kafaɗa, ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. A rana ta goma shi ya fara yi wa mutumin sallama.

Fadila ba ta ci bak a zagayen farko ba, sai a na biyu, da kyar. Ta shigo gida da gudu tana kuka tana dariya, ta faɗa jikin uwarta. Daga baya ta zo ta tsuguna gabansa ta ce, "Baba, daga yau ni ce mai ɗiga maka magani, don na ga rabi a kunci kake zubarwa." Haka kuwa aka yi. Da ya koma awo bayan wata shida, dokotoro ta ce ciwon ya tsaya inda yake.

Bayan kaka, wata safiya yana zaune a zaure yana tsintar gyaɗa, kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Atika ce ta sauko. Hannun ya warke, amma ya ɗan kwanta, ba ya miƙewa sosai. Ya rasa inda zai sa ta don kunya. Tsahara ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa.

Da ta huta sai ta ce, "Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Hannun ga ba ya ɗaukar kaya yanzu, kasuwa ta gagare ni. Mu goma sha ɗaya ne mata masu shanya zogale a unguwarmu. Masu zuwa saye a gona suna karya mana shi yadda suka ga dama, alhali an ce a Yamai buhu ya ninka. Mu ba mu san kowa a tasha ba. Kai kuwa an ce ba direban da ba ka sani ba."

Ya ce, "Na san su, Inna. Na san mai amana, na san wanda ko allura ba za a ba shi ba."

"To shi muke so. Mu aiko maka, ka ɗora ma wanda ka yarda da shi, ka nemo mana mai karɓa can. Kana da ladanka a kowane buhu."

Ya ce, "Inna, duk Maraɗi ba ki ga kowa ba sai ni da na karya ki?"

Ta ce, "Matan ma haka suka ce. Na ce musu mutumin da takarda ta wanke shi, ya taka da ƙahwarshi ya ce a sake rubutawa, ba zai ci mana buhun zogale ba. In kuma ya ci, na san gidanshi." Ta yi dariya, Tsahara ta taya ta.

Da buhu shida aka fara. Ya samo wani tsohon abokinsa mai jan babbar mota zuwa Yamai, shi kuma ya haɗa shi da wata mata mai rumfa a can. Sawun farko an yi kuskure, ganyen bai bushe sosai ba, buhu biyu suka yi baƙi a hanya. Ya hau mota ya je Jiratawa da kansa, a kujerar fasinja, ya zauna da matan suka daidaita yadda za a riƙa shanyawa a inuwa da kwanakin da za a ba shi. Kafin bazara buhunan sun kai arba'in a mako, matan wata unguwar ma sun shigo. Alhaji Sha'ibu ya ba shi wani lungu a bayan shagonsa yana tara kaya. Abin da yake samu bai kai na mota ba, amma nama ya dawo miya ran Juma'a.

Idirisa ne ke kawo buhunan a amalanke duk ran Laraba, don uwarsa ta sa shi. Yakan sauke kaya, ya ce "ashirin da biyu" ko "talatin," ya juya jakinsa ya tafi. Maman Lawali yakan ce masa sannu da hanya, ba ya amsawa, shi kuma bai fasa faɗa ba.

Wata Laraba a farkon damina, suna cikin sauke kaya a filin tasha, gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwashe ledoji. Buhu talatin na busasshen ganye suna fili, in ruwa ya taɓa su aikin mata na mako guda ya tafi. Maman Lawali ya ruga ya jawo tamfol, iska ta fizge shi ta naɗe masa a jiki, ya rasa inda bakinsa yake. Yana ta lalube sai ya ji an ja ɗaya gefen da ƙarfi.

"Baba, ta nan! Riƙe wancan bakin, ni na kama na dama!"

Suka ja tare suka rufe buhunan, Idirisa ya ɗauko duwatsu yana dannewa, ɗigon farko na faɗuwa manya-manya a kan tamfol. Suka ruga ƙarƙashin rumfar mai shayi, jikinsu ya riga ya jiƙe. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Maman Lawali ya ce wa mai shayi ya haɗa biyu, da madara. Idirisa ya karɓi nasa ya hura, ya dubi sama ya ce in ruwan nan ya kai Jiratawa, gobe da sassafe zai yi shuka.